In Kiɗa Ya Sauya: Faifan Kwaɗo, Faifan Ƙofa da Rumfar Babana

Yau zancen kiɗa zan yi, kiɗan ma na Turawa, don haka tun kafin wani ya ce ɗan Alhaji ya lalace, ina roƙon a daure a bi ni zuwa ƙarshe, domin a rumfar albasa maganar za ta ƙare.

A Anacha aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare. Babana ɗan kasuwar albasa ne, yana sauke kaya daga Aliero da wasu kasuwannin arewa, yana sayarwa a nan, yana kuma tura wa abokan ciniki a Inugu da Fatakwal. A shekarar 2015, ina da shekara 15, muna da wani maƙwabci Ibo mai sayar da kayan lantarki na hannu, irin waɗanda muke kira kayan Beljiyam. Wata rana kayansa suka iso, na taya shi kwashewa tun safe har azahar. A cikin kayan akwai wani kwali cike da tsofaffin fayafayan sidi, waɗanda a lokacin ba mai waiwayarsu domin kowa ya koma memori. Maimakon ya ba ni kuɗi, sai ya ce in zaɓi guda biyu. Ni kuwa ban san ko ɗaya ba, da hoton bango na yi zaɓi. Na ɗauki wani mai hoton koren kwaɗo a kan farin bango, da wani mai hoton ƙofa a buɗe, haske kala-kala yana fitowa ta cikinta. Suna ɗaya ne a jikinsu duka biyun: Silverchair.

Na fara sa faifan kwaɗon a tsohuwar rediyon yayana. Jama'a, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Jita ce ke gurnani kamar an tayar da injin markaɗe kusa da janareto, ganguna kuma kamar ana jefo buhuna daga saman tirela, ga wani yaro yana rera waƙa yana ihu kamar wanda aka ƙwace wa abu. Turancinsa ma rabi nake kamawa. Amma fushin da ke ciki na gane shi sarai, saboda irinsa ne a cikina. Duk wanda ya tashi a nan ya san abin da nake nufi. A makaranta sunanka aboki, ko da kuwa ka fi mai kiran naka iya yaren Ibo. Ka je gida arewa hutun sallah, ka buɗe baki, 'yan uwanka su kwashe da dariya wai Hausarka ta 'yan kudu ce. Nan a ce ka koma garinku, can a ce baƙo ya zo. Yaro ɗan shekara 15 ba shi da bakin faɗin wannan, to sai ga wasu sun yi masa ihun a faifai.

Bayan kwana biyu na sa faifan ƙofar, ina jiran gurnani. Sai na ji fiyano a hankali, na ji gogen Turawa ba ɗaya ba ba biyu ba, na ji kayan busa, kiɗa yana hawa yana sauka kamar na fim ɗin Indiya a wurin da jarumi ke tuna mahaifiyarsa. Nan take na ce an cuce ni. Mu da muka tashi a Anacha mun san faifan da bangonsa daban cikinsa daban. Na koma wurin mutumin nan da fushina, na ce aikin rabin yini na yi masa, ya ba ni jabu. Ya karɓa ya juya faifan, ya nuna min sunan a buge a jikinsa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in je in tambayi masu waƙar, shi kaya kawai yake sayarwa.

Na kuwa tambaya, ta hanyar wayar yayana da kuɗin data na naira ɗari. Abin da na samo ya ɗaure min kai. Ashe su uku ne, Daniel Johns mai waƙa da jita, Ben Gillies mai ganguna, da Chris Joannou mai jitar da ke da kaurin murya, 'yan garin Niyukasul na ƙasar Ostareliya. A 1994 suka ci wata gasa da waƙarsu mai suna Tomorrow, a 1995 kuma suka fitar da faifan kwaɗon nan, Frogstomp, wanda suka naɗa cikin kwana 9 kacal. Shekarunsu 15 a lokacin, wato sa'o'ina ne a ranar da na fara jin su. Irin kiɗan da suke yi shi ake kira giranji, wani reshe ne na kiɗan rok da ya taso daga birnin Siyatul na Amurka, wanda su Nirvana da Pearl Jam suka yi suna da shi. Kiɗa ne na matasa masu jin haushin duniya, ba a gyara shi, ba a yi masa kwalliya, ƙazantar sautin ita ce adonsa. Faifan ya hau na ɗaya a ƙasarsu, ya kai na 9 a jerin fayafayan da aka fi saye a Amurka. Amma duk da haka masu sharhi suka riƙa yi musu gori, wai yara ne masu kwaikwayon manyansu na Siyatul.

Daga nan sai suka fara sauyawa da kaɗan-kaɗan. A faifansu na 1999, Neon Ballroom, waƙar farko ma da 'yan babbar tawagar makaɗa ta birnin Sidni aka yi ta, tare da wani shahararren mai fiyano, David Helfgott. A cikin faifan ne kuma Johns ya yi waƙa a kan ciwon ƙin cin abinci da ya yi fama da shi. Sai 2002 suka fito da faifan ƙofar, Diorama. A nan Johns ya zauna gaban fiyano ya tsara yawancin waƙoƙin, suka ɗauko wani dattijo Ba'amurke, Van Dyke Parks, wanda ya taɓa aiki da Brian Wilson na Beach Boys, ya rubuta wa masu goge da masu busa abin da kowa zai kaɗa a waƙoƙi uku, ciki har da ta farko, Across the Night, wadda ta sa na ce an ba ni jabu. A ƙasarsu faifan ya hau na ɗaya, ya ci kyaututtuka. A Amurka kuwa a na 91 ya tsaya. Ga kuma ciwon gaɓoɓi da ya kwantar da Johns a shekarar, ya hana su yawon tallata shi yadda ya kamata. Da yawa daga masoyansu na farko sun juya musu baya, suna cewa a dawo musu da yaran kwaɗo.

Ni ma a layin waɗannan na tsaya da farko. Na jefa faifan ƙofar a ƙarƙashin katifa, na ci gaba da gurnanina. Sai da na gama sakandare na fara zaman rumfa sosai, na san gajiya, na san bashi, na san abin da ake nufi da a wayi gari rabin kaya ya ruɓe, sannan wata rana da dare na sake sa shi. A wannan karon ya shige ni. Na lura ashe gurnanin bai tafi ko'ina ba, yana nan a wasu waƙoƙin, sai dai an kewaye shi da wasu muryoyin. Na kuma gane cewa wanda ya yi ihu yana ɗan 15 ba zai yiwu ya dawwama yana ihu iri ɗaya yana ɗan 22 ba, sai in ƙarya zai yi. Masu cewa a dawo musu da yaran kwaɗo ƙuruciyarsu suke nema, kuma ba mawaƙin da zai iya dawo musu da ita.

To a nan ne na yi abin da yaro ke yi in ya fahimci abu ɗaya: na ɗauka na fahimci komai. Na mayar da labarin Silverchair sandar dukan Babana.

Mai karatu ya san irin iyayenmu. Babana mutumin Shata ne. Ya san inda yake zaune ranar da aka sanar da rasuwarsa a watan Yunin 1999, kamar yadda ya san ranar da aka haife ni. In ba Shata ba to Ɗanƙwairo, ko Haruna Uji, ko Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a shekarar da na samu fayafayan nan. Waƙoƙin fiyano kuwa, waɗanda suka mamaye ko'ina tun zamanin fim ɗin Sangaya, har zuwa su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker da muke ji, ba ya ko son a kunna su kusa da shi. Kiɗan na'ura yake ce musu. Ni kuma kullum amsata ita ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma har Turawan da suka ƙirƙiro abin suna sauyawa.

Gardamar kiɗa ce a baki, amma ni da shi mun san ta kasuwa ce. Na daɗe ina matsa masa a kan mu sauya yadda muke ciniki. A lissafina, tunda ga waya ga WhatsApp ga tura kuɗi ta banki, ba dalilin da zai sa kaya su sauka a rumfa, a biya 'yan dako, a biya masu tsince, a ba dillali la'ada, sannan a sake lodi zuwa Inugu ko Fatakwal. Sai in ɗauki hoton kaya, mai saye ya turo kuɗi, mota ta wuce kai tsaye. Na rubuta komai a littafin makaranta mai shafi arba'in, a ƙasa na ja layi na rubuta: rage ma'aikata, mutum 4.

A ƙarshen Fabrairun 2021 ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kawo kaya kudu, aka yi kusan mako guda ba motar da ta shigo. Duk wanda ke kasuwar gwari a nan yana tune da wannan makon. Rumfarmu ta zama fayau, sai ɓawon albasa da iska ke kaɗawa. Zaman banza ya ishe mu, ni da Baba a kan benci bayan la'asar, sai na ga dama ta samu. Na ce, "Baba, don Allah ka ba ni aron kunnenka minti goma." Na sa masa waƙa ɗaya daga faifan kwaɗo a wayata. Ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan lafiyarsu ƙalau kuwa?" Na ce ya ƙara haƙuri. Na sa masa ta farkon faifan ƙofa. Wannan ya saurare ta har ƙarshe, yana jan carbi. Sannan na kawo jawabina da na daɗe ina shiryawa: mutane ɗaya ne, shekara bakwai tsakani, sun bar abin da aka san su da shi sun kama sabo, an zage su, amma ga shi na biyun ya fi daɗi, ko shi da kansa shaida ne. Don haka mu ma mu sauya.

Ya yi shiru. Can ya ce, "Wancan mai haushin, mutum nawa ke kaɗa shi?"

Na ce, "Uku, Baba."

"Wannan na biyun fa?"

Na ce su ukun ne dai, amma sun gayyato masu goge da masu busa da mai tsara musu, jama'a da yawa.

"Kowa da kayan kiɗansa a hannu? Kowa biyansa aka yi?"

Na ce ƙwarai kuwa.

Ya ce, "To ai kai ɗan nan, shaidar da ka kawo ni ta goya wa baya."

Wallahi ban ga ta inda zai ɓullo ba sai da ya ɓullo. Ya ce in Shata zai tafi wasa, mota ake cikawa: masu kalangu, 'yan amshi, sanƙira, direba, kowanne da iyali a gida, kowanne a bakin kalangun nan yake ci. Ya ce shi bai taɓa ƙin fiyano don sabo ne ba. Abin da ke ba shi haushi shi ne yaro ɗaya ya danna maɓalli kalangu ya fito, ya danna wani sarewa ta fito, alhali mai kalangun da mai sarewar suna gida ba su da na cefane. Ya ce, "Waɗannan yaran naka da Allah ya ɗaga su sai suka ƙaro mutane. Kai kuma kana so ka ɗaga ka rage. Kada ka haɗa kanka da su."

Na ce to Ɗan Maraya fa, ai shi kaɗai aka san shi da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Ya ce Ɗan Maraya bai taɓa sa kuntigi ya yi kukan kalangu don ya huta da biyan mai kalangu ba, abin da ke hannunsa shi kake ji. Ya ƙara da cewa in babbar tawaga nake so, ba sai na je Ostareliya ba, Bala Miller ya yi a Kaduna, da masu busa da masu jita da masu ganguna reras, yana waƙa da Hausa, suna kallonsa a talabijin ta NTA a shekarun 1980. Ya ce ko maƙwabtanmu in sun sa Osadebe, ɗan Atani da ke nan kusa da mu, in ƙirga hannuwan da ke cikin kiɗan.

Sai ya ce in ɗauko littafin nawa. Ashe ya taɓa buɗe shi ban sani ba. Ya sa yatsa a layin ƙarshe ya ce, "Mutum huɗu. Faɗa min sunayensu."

Na faɗi na farko, na faɗi na biyu, na faɗi na uku. A na huɗu bakina ya mutu. Wani dattijo ne da ke tsince mana albasa, tare suka zo kudu da Babana tun ba a haife ni ba. A Fabrairun 2006, da rikici ya ɓarke a Anacha bayan wanda aka yi a Maiduguri, Baba yana arewa wajen sayen kaya. Wannan dattijon ne ya saɓa ni a kafaɗa, mahaifiyata na biye da goyo, ya tsallaka gadar Neja da mu a ƙafa zuwa Asaba. Abin da nake iya tunawa a ranar kaɗan ne, amma ina tuna hularsa da na riƙe da hannu biyu. Duk lokacin da nake lissafin nan ban taɓa kiran sunansa a raina ba, lamba na rubuta. Yana zaune a ƙofar rumfar ma a lokacin, nesa kaɗan da mu, yana gyaran wani tsohon buhu.

Don kada in yi rashin adalci, akwai abin da na faɗa wa Baba daga baya wanda har yau ina kansa. Fiyano ma ya ciyar da mutane. Yaron da ba ɗan gidan makaɗa ba, ba shi da kuɗin tara tawaga, ya samu ya shiga situdiyo da 'yan kuɗinsa ya fito da waƙa, kuma dubban matasa a Kano da Kaduna da Jos sun ci abinci ta wannan hanya. Haka kuma tara jama'a yana da tsada. Na gaya masa faifan ƙofar bai yi kasuwar na kwaɗo a Amurka ba, daga na 9 zuwa na 91. Ya tambaye ni a garinsu fa? Na ce na ɗaya. Ya ce wanda gida ya karɓa ai bai faɗi ba. Ban gaya masa cewa tun 2011 ƙungiyar ta jingine aiki ba, bayan faifai ɗaya da suka ƙara a 2007, domin na san zai ce wannan kuma ƙaddara ce, kuma ba ni da amsa.

Da motoci suka dawo, ga yadda muka daidaita. Ya bar ni na shigo da cinikin waya, yanzu akwai masu abinci a Fatakwal da 'yan kasuwa a Inugu da ba su taɓa ganin fuskata ba, sai murya da hoto. Amma kaya sai sun sauka a rumfa, kuma ba buhun da zan ɗauka hoto sai dattijon nan ya zura hannu ciki. Sau ɗaya na yi gaban kaina, na tura buhu ashirin Fatakwal ba tare da ya duba ba saboda ina sauri, a ido kuwa jawur da su gwanin sha'awa. Ashe ruwa ya taɓa su a hanya, sun fara lalacewa ta wuya. Mai kayan ya kira ni ya wanke ni tas, muka yi asara, muka kuma rasa shi. Dattijon bai ce min komai ba, sai washegari ya kira ni ya sa min albasa biyu a hannu, ya ce in matsa wuyan kowacce da babban yatsa in gaya masa bambancin. Wata uku ina koyo kafin in fara dacewa.

Ribar ba ta kai abin da na rubuta a littafi ba, kuma ba za ta kai ba muddin muna biyan hannuwan nan. Dillalai biyu da muke hulɗa da su sun bar zuwa da kansu, tunda masu saye sun koma kirana kai tsaye, wannan kuma alhakin wayata ne, ba zan ɓoye ba. Wani lokaci in na ga sa'o'ina da suka bi hanyar da na so bi sun sayi mota, zuciyata takan yi min wasiwasi. Ban ce Baba ya yi daidai a komai ba. Amma tun ranar ban ƙara rubuta mutum da lamba ba.

Na san da yawa daga cikinmu, 'ya'yan masu shanu da masu gwari da masu canji da masu goro a garuruwan nan, muna cikin irin wannan ja-in-jar da iyayenmu. Sauyi dole ne, su ma sun sani, ai sauyin ne ya baro da su daga gida ya kawo su nan. Shawarata kawai ita ce kafin ka kai wa tsohonka sabon tsari, ka zauna ka faɗi sunayen waɗanda tsarin zai taɓa, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi yadda kunnenka zai ji.

Fayafayan biyu suna nan a akwatina, na kwaɗon ya tsage ta gefe. Baba har yanzu bai yarda a kunna masa shi ba. Na ƙofar kuwa, rannan muna lissafin dare sai ya ce, "Sa mana na masu gogen nan, amma ka rage murya, kada maƙwabta su ce Alhaji ya lalace."

Allah ya sa wa kasuwanninmu albarka, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da mu lafiya da waɗanda muke zaune a cikinsu. Wassalam.

Naku, ɗan mai albasa, daga Anacha.